Ɗan Aiken Da Ba Ya Barci: Yadda Ake Saita Cron A Cikin Kwantenar Docker

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama don rubuta kundin kammala digiri a fannin harshe ya san cewa tun daga tattara bayanai wahalar take farawa. Kafin mutum ya buɗe baki ya ce ga yadda Hausawa ke amfani da kalma kaza, ko ga baƙuwar kalmar da ta fi yawo a rubuce-rubucen bana, dole sai ya tara matani masu yawa, ya tace su, ya ƙirga. G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, shekara da shekaru ya yi yana wannan aiki da alƙalami da takarda. A yau kuwa ana iya ɗora wa kwamfuta wannan ɗawainiya, ta riƙa ɗebo matani kowane dare, ta ƙirga kalmomi, ta ajiye sakamako, mai ita yana barci.

Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana yadda ake saita irin wannan aiki. Zan yi magana a kan wata tsohuwar manhaja mai suna cron, wadda aikinta shi ne tayar da wasu manhajoji a lokacin da aka yanka mata, da kuma yadda ake zaunar da ita a cikin abin da masana kwamfuta ke kira kwantena. Misalin da zan bi tun daga farko har ƙarshe shi ne na ɗalibin da ke son tara taskar matanin Hausa daga wata kafa da ta halatta a kwafi abin da ke cikinta, kamar Wikipedia ta Hausa. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe: cron da ke cikin kwantena bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa. Bai san ƙarfe nawa ba ne a garinmu, bai san ƙ harafi ba ne, bai san inda zai kai rahoto ba. Mafi yawan matsalolin da ake fuskanta daga nan suke tasowa.

Mene Ne Cron?

An ƙirƙiri babbar manhajar gudanar da kwamfuta mai suna Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikinta a 1969. A cikin shekarun 1970 ne cron ya bayyana a Unix, kuma ana danganta sunan da kalmar Girkanci mai ma'anar lokaci. A 1987 wani masani mai suna Paul Vixie ya sake rubuta shi, kuma daga zubinsa ne mafi yawan ire-iren cron da ke cikin Linux a yau suka samo asali. Ita kuwa Linux, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ta bi sawun Unix a kusan komai.

Aikin cron ba shi da sarƙaƙiya. Kowane minti ɗaya yakan farka ya duba wata takarda da aka rubuta masa, wato jadawali. Idan ya tarar akwai aikin da lokacinsa ya yi, sai ya tayar da shi. Idan babu, ya koma ya jira minti na gaba. Shi da kansa ba ya ɗebo matani, ba ya ƙirga kalmomi. Aikawa kawai yake kaiwa, shi ya sa a wannan maƙala zan riƙa kiran sa ɗan aike.

Mece Ce Kwantena?

Kalmar kwantena ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Mun san manyan akwatunan ƙarfen nan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a ɗora wa tirela har kasuwannin Arewa. Wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, shi ya yaɗa wannan dabara. A watan Afrilun 1956 jirginsa ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Hikimar ita ce, jirgi da tirela da injin ɗaga kaya ba ruwansu da abin da ke ciki, atamfa ce ko taya. Akwatin kawai suka sani, kuma girmansa ɗaya ne a ko'ina.

Wannan hoton masana kwamfuta suka ara. Sau da yawa manhaja kan yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, amma da an kai ta wata kwamfutar sai ta ƙi, saboda wani ƙaramin abu da ta dogara da shi babu shi a can, ko kuwa wani zubinsa daban ne ke akwai. Maganin shi ne a ƙunshe manhajar tare da duk abin da take bukata a cikin akwati guda, wanda zai yi aiki iri ɗaya duk inda aka kai shi. Tunanin killace manhaja ya daɗe, domin tun 1979 Unix ke da umarnin chroot, FreeBSD kuma ta zo da nata salon a 2000. Sai dai Docker, wadda Solomon Hykes ya gabatar a watan Maris na 2013, ita ta sauƙaƙa abin har ya shiga hannun kowa. Sunan ma daga 'yan dakon tashar jiragen ruwa aka aro shi.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a bambance. Na farko shi ne samfuri, wato ƙunshin da aka haɗa aka rufe, wanda ba ya canjawa. Na biyu ita ce kwantena, wato samfurin a lokacin da aka tayar da shi yana aiki. Kamar hatimi ne da bugunsa: hatimi ɗaya ne, amma ana iya buga shi a takarda ɗari. Har ila yau, kwantena ba cikakkiyar kwamfuta ba ce. Tana amfani da cibiyar Linux ta kwamfutar da ta ɗauke ta, illa dai an yi mata katanga, ba ta ganin fayilolin waje ko ayyukan waje. Don haka ba ta da nauyi, cikin daƙiƙu kaɗan take tashi. Masu amfani da Windows ma suna iya sarrafa ta ta hanyar Docker Desktop, wadda ke kunna wata ƙaramar Linux a bayan fage.

Nahawun Jadawali

A matsayinmu na ɗaliban harshe, ina ganin hanya mafi sauƙi ta fahimtar jadawalin cron ita ce a ɗauki kowane layi a matsayin jimla mai tsayayyen tsari, wadda ba a gabatar da wani sashe nata ko a jinkirta shi. Gurabe biyar na farko suna faɗin lokaci, abin da ya biyo baya kuma shi ne aikin. Gurbi na ɗaya minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu awa ce, daga 0 zuwa 23. Na uku ranar wata, daga 1 zuwa 31. Na huɗu wata, daga 1 zuwa 12. Na biyar ranar mako, inda 0 ke nufin Lahadi, 6 kuma Asabar. Alamar tauraro a kowane gurbi tana nufin "kowane". Ga misalai:

30 2 * * * yana nufin ƙarfe biyu da rabi na dare, kullum.

0 8 * * 1-5 yana nufin ƙarfe takwas na safe, daga Litinin zuwa Juma'a.

*/15 * * * * yana nufin duk bayan minti goma sha biyar.

0 6,18 * * * yana nufin ƙarfe shida na safe da ƙarfe shida na yamma.

Akwai tarko biyu a nan da suka shafi harshe kai tsaye. Na farko, sunayen ranakunmu daga Larabci muka aro su, kuma biyar daga ciki lambobi ne a asali: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Shi kuwa cron daga sifili yake fara ƙirga. Ke nan wanda ya san asalin kalmar Talata ya rubuta 3, ranar Laraba aikinsa zai tashi. A wurin cron, Talata 2 ce.

Tarko na biyu na ma'ana ne. A duk sauran gurabe, dangantakar da ke tsakani ita ce ta "da": minti kaza da awa kaza da wata kaza. Amma idan aka cike gurbin ranar wata da na ranar mako a lokaci guda, sai dangantakar ta koma ta "ko". Wanda ya rubuta 0 8 1 * 5 yana zaton ya ce "ranar ɗaya ga wata idan ta faɗo Juma'a". Abin da cron ya ji shi ne "kowace ranar ɗaya ga wata, da kuma kowace Juma'a". Aikin da aka yi nufin ya gudana sau ɗaya zuwa uku a shekara sai ya riƙa gudana sau biyar ko shida a wata.

Haɗa Samfurin

Ana bukatar fayiloli uku a cikin folda ɗaya. Na farko shi ne rubutaccen umarnin da ke yin ainihin aikin, wato ɗebo matani da ƙirga kalmomi. Mu kira shi tattara.sh. Na biyu shi ne jadawali. Na uku shi ne Dockerfile, takardar da ke gaya wa Docker yadda za ta haɗa samfurin. Ga yadda take:

FROM debian:stable-slim
RUN apt-get update && DEBIAN_FRONTEND=noninteractive apt-get install -y --no-install-recommends cron tzdata curl ca-certificates
RUN ln -sf /usr/share/zoneinfo/Africa/Lagos /etc/localtime
COPY tattara.sh /aiki/tattara.sh
COPY jadawali /etc/cron.d/jadawali
RUN chmod 755 /aiki/tattara.sh && chmod 644 /etc/cron.d/jadawali
CMD ["cron", "-f"]

Layin farko yana cewa a ɗora ginin a kan ƙaramin samfurin Debian, ɗaya daga cikin sanannun ire-iren Linux. Layi na biyu yana girka cron, da kundin lokutan ƙasashen duniya, da curl wadda ke ɗebo abu daga intanet, da takardun shaidar da take bukata don shiga shafuka masu tsaro. Layi na uku na saita agogo ne. Na huɗu da na biyar suna kwafar fayilolinmu zuwa cikin samfurin, na shida kuma yana ba su izinin da ya dace. Layin ƙarshe shi ne umarnin da kwantena za ta fara da shi idan ta tashi.

Shi kuma fayil ɗin jadawali ga abin da ya ƙunsa:

LANG=C.UTF-8
PATH=/usr/local/bin:/usr/bin:/bin
30 2 * * * root flock -n /tmp/kulle /aiki/tattara.sh > /proc/1/fd/1 2>&1

A lura, duk jadawalin da aka ajiye a foldar /etc/cron.d yana da ƙarin gurbi na shida, wato sunan wanda za a yi aikin da izininsa. A nan root ne, mai cikakken iko. Bugu da ƙari, a Debian sunan fayil ɗin kada ya ƙunshi ɗigo, domin cron zai tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba. Dole kuma a danna maɓallin sabon layi bayan layin ƙarshe. Sannan wanda ya rubuta fayilolin a Windows ya tabbatar ya adana su da ƙarshen layi irin na Unix, domin Windows kan ƙara wata ɓoyayyar alama a ƙarshen kowane layi, wadda ke rikita umarnin.

Bayan haka, umarni biyu suka rage, ɗaya na haɗa samfuri, ɗaya na tayar da kwantena:

docker build -t tattara .
docker run -d --name dan-aike --restart unless-stopped -v taska:/taska tattara

Mai karatu zai ga na rubuta dan-aike babu ƙugiya. Docker ba ta karɓar haruffa masu ƙugiya a sunan kwantena. Yanzu bari in ɗauki muhimman sassan waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya, domin kowane ɗaya maganin wata cuta ne.

Kada Ɗan Aike Ya Ɓuya

Rayuwar kwantena a ɗaure take da aikinta na farko, wanda ake ba lamba 1. Muddin yana gudana, kwantena na raye. Da ya ƙare, ita ma ta mutu. To, bisa al'ada cron idan aka tayar da shi, yakan haifi kwafin kansa ya tura shi bayan fage, shi na farkon ya rufe. A cikakkiyar kwamfuta hakan shi ne daidai. A kwantena kuwa, Docker na ganin aiki na farko ya ƙare, sai ta kashe komai nan take. Wannan ne ya sa mutum zai tayar da kwantena, ya duba bayan daƙiƙa biyu ya tarar babu ita. Ɗan ƙarin nan na -f shi ke gaya wa cron ya tsaya a fili. A Alpine, wata ƙaramar Linux da ake yawan gina kwantena a kanta, crond -f ake rubutawa; a dangin Red Hat kuma crond -n.

Ƙarfe Nawa Ne A Cikin Kwantena?

Idan ba a saita ba, agogon kwantena yana bin daidaitaccen lokacin duniya da ake kira UTC, ko da kuwa kwamfutar da ta ɗauke ta tana nuna lokacin gida. Nijeriya da Nijar suna gaban wannan lokaci da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Saboda haka ɗalibin da ke Legas ko Ilori ya rubuta ƙarfe biyu da rabi, ba tare da layi na uku na Dockerfile ba, sai uku da rabi aikinsa zai tashi. Awa ɗaya ba wani abu ba ce ga wasu ayyukan. Amma a ce an yanka aikin ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, kuma kowane fayil ana sa masa kwanan wata: aikin zai gudana ne sha biyu da rabi a agogonmu, wata rana ta riga ta shiga, alhali fayil ɗin na ɗauke da kwanan jiya. Abin farin ciki, ƙasashenmu ba sa matsar da agogo gaba da baya a shekara kamar Ingila da Jamus, don haka da an saita Africa/Lagos ko Africa/Niamey an huta.

Haruffa Masu Ƙugiya

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar mu. Tsohon tsarin lambanta haruffa a kwamfuta, ASCII, wanda ya fito a 1963, alamomi 128 kacal gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Tsarin da ya ɗauke su shi ne Unicode, kuma hanyar da aka fi adana shi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson ɗin nan na Unix da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan tsari, harafi irin su a, b, k bayit ɗaya yake ci, wato ma'auni ɗaya na ajiyar kwamfuta, amma kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu yake ci. Kalmar ƙasa harafi huɗu ce, bayit biyar. Kalmar ƙaƙƙarfa harafi takwas ce, bayit goma sha ɗaya. Idan wata manhaja ta karanta bayit biyun nan ɗai-ɗai da wani tsarin daban, a nan ne ake ganin irin Æ™asa a maimakon ƙasa, abin da da yawanmu mun sha gani a saƙonni.

To, ƙaramin samfurin Debian yana zuwa ne ba tare da an saita masa tsarin harshe ba. A irin wannan hali, manhajojin ƙirga da bincike suna ɗaukar kowane bayit a matsayin alama mai zaman kanta, kuma haruffan Ingilishi kaɗai suka yarda haruffa ne. Idan aka ce musu su tsinto duk jerin haruffan da ke manne da juna a matsayin kalma ɗaya, sai baƙi ta tsage ta zama ba da i, faɗa ta zama fa da a, ƙasa ta zama asa. Haka kuma ba za su gane cewa Ƙ da ƙ harafi ɗaya ba ne, babba da ƙarami. Babu wata ƙara da za ta tashi, babu saƙon kuskure. Jadawalin yawan kalmomi zai fito tsaf, sai dai adadin ba da fa da a ya kumbura da ɓaraguzan wasu kalmomi, kalmomi masu ƙugiya kuwa sun ɓace. Ɗalibin da ya gina babi na huɗu na kundinsa a kan irin wannan sakamako ya yi gini a kan toka.

Wani zai ce, ai sai in saita tsarin harshe a cikin Dockerfile. Nan ne gizo ke saƙa. Cron na Debian ba ya miƙa wa ayyukan da yake tayarwa bayanan muhallin da aka ba kwantena. Yakan share su ya ba aikin 'yan kaɗan nasa na kansa, ciki har da gajeriyar hanyar neman manhajoji, wato /usr/bin da /bin kawai. Sakamakon haka, idan mutum ya shiga kwantenar ya gwada aikin da hannunsa da rana, komai zai tafi daidai, domin shi ya gaji bayanan muhallin. Da dare kuwa, idan cron ya tayar da aikin, sai ya gudana a wani yanayi daban. Dalilin da ya sa na rubuta LANG da PATH a saman jadawalin kansa ke nan. Layin farko yana cewa a karanta rubutu da UTF-8, na biyu yana faɗin inda za a nemi manhajoji.

Ko bayan an yi wannan, saura alamar hamza da ke cikin kalmomi irin su sana'a da 'ya'ya. Kwamfuta ba ta ɗauke ta harafi ba, kuma tana zuwa da siffa fiye da ɗaya, wata miƙaƙƙiya wata lanƙwasasshiya. Wajibi ne tattara.sh ya maida su siffa ɗaya, ya kuma lissafa ta cikin haruffa kafin a fara ƙirga.

Ina Rahoto Zai Je?

Tun asali, idan aiki ya fitar da wani bayani ko ya yi kuskure, cron yakan aika wa mai shi ta imel na cikin kwamfutar. A kwantenarmu babu manhajar aika imel, don haka bayanin a iska yake bi. Ita kuma Docker abin da aiki mai lamba 1 ya furta kaɗai take rubutawa a rajistarta. Ƙarshen layin jadawalinmu, wato > /proc/1/fd/1 2>&1, dabara ce ta karkatar da duk abin da aikin ya faɗa, mai daɗi da marar daɗi, zuwa bakin aiki mai lamba 1. Da safe sai a rubuta docker logs dan-aike a ga abin da ya wakana cikin dare. Shawarata ita ce tattara.sh ya riƙa faɗin lokacin da ya fara, da lokacin da ya gama, da adadin kalmomin da ya samu.

Rumbu, Kulle Da Ɗauke Wuta

Duk abin da kwantena ta rubuta a cikinta yana nan idan an tsayar da ita, amma da an goge ta ya tafi. Ita kuwa gogewa abu ne na yau da kullum, domin duk lokacin da aka gyara jadawali sai an sake haɗa samfuri, a goge tsohuwar kwantena, a tayar da sabuwa. Sashen -v taska:/taska yana buɗe wani rumbu a wajen kwantena, ya haɗa shi da foldar /taska ta ciki. Matuƙar a can tattara.sh ke zuba sakamako, ko sau nawa aka sauya kwantena matanin suna nan.

Kalmar flock da ke cikin jadawali kuwa kwaɗo ce. Cron ba ya duba ko aikin jiya ya gama kafin ya tayar da na yau. Idan intanet ta yi nauyi aiki ya ja lokaci, ana iya samun kwafi biyu suna rubutu a fayil ɗaya, su lalata shi. Da wannan kwaɗo, na biyun zai tarar da ƙofa a kulle ya haƙura.

Saura batun wuta. Sashen --restart unless-stopped yana sa kwantena ta sake tashi da kanta idan kwamfuta ta kunnu, muddin ita Docker an saita ta ta tashi tare da kwamfutar. Amma cron ba ya rama aikin da ya wuce. Idan kwamfuta a kashe take ko tana barci ƙarfe biyu da rabi, aikin ranar ya tafi ke nan. Akwai wata manhaja mai suna anacron da aka yi don rama irin wannan, sai dai da kwanaki take lissafi, ba ta san awa da minti ba. Hanyar da na fi so ga wanda wutarsa ba ta da tabbas ita ce ya yanka aikin kowace awa, wato 0 * * * *, sannan farkon abin da tattara.sh zai yi shi ne ya duba ko fayil ɗin yau yana cikin rumbu. Idan yana nan, ya rufe. Idan babu, ya kama aiki. Ta haka ko awa biyu kacal aka samu wuta a yini, aikin ranar zai yiwu.

Gwaji Kafin A Saki Jiki

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a bar ɗan aike shi kaɗai, a fara yanka masa aikin kowane minti, wato taurari biyar a jere, da ɗan gajeren matani wanda aka ƙirga kalmominsa da hannu, mai ɗauke da kare da ƙare, baki da baƙi, fada da faɗa. A rubuta docker ps a ga kwantena na raye. A rubuta docker exec dan-aike date a ga agogo ya yi daidai da na bango. Sannan a jira cron da kansa ya tayar da aikin, a kwatanta sakamakonsa da na hannu. Idan sun dace, sai a maida ainihin lokacin. Har ila yau, kada a rubuta kalmar sirri a cikin Dockerfile ko jadawali, domin duk wanda ya samu samfurin zai iya karanta ta. Kuma a ɗebo matani daga inda aka halatta kawai, a mutunta haƙƙin mallakar marubuta.

Wasu Hanyoyin

Ba dole ba ne cron ya zauna a cikin kwantena. Wasu sukan bar shi a kwamfutar waje, ya riƙa tayar da kwantena idan lokaci ya yi, ta gama aiki ta goge kanta. Akwai kuma supercronic, wadda ke karanta jadawali irin na cron amma an yi ta musamman don kwantena, tana riƙe bayanan muhalli, tana kuma kai rahoto inda Docker za ta gani. Manyan ma'aikatu masu ɗaruruwan kwantenoni kuwa suna amfani da Kubernetes, wadda Google ta fitar a 2014, ita ma da gurabe biyar ɗin nan ake rubuta mata lokaci. Ke nan wanda ya koyi nahawun jadawali a yau zai ci moriyarsa duk inda ya je.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin bayyana cron da kwantena, da yadda ake rubuta jadawali, da abubuwan da dole a faɗa wa ɗan aike ɓaro-ɓaro: ya tsaya a fili, ga agogon garinmu, ga yadda ake karanta haruffanmu, ga inda zai kai rahoto, ga rumbun da zai zuba kaya. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, da su haɗa kai su kafa irin wannan taska a sashenmu, ko da da tsohuwar kwamfuta ɗaya ce. Samfuri guda da aka haɗa da kyau zai iya wucewa daga wannan aji zuwa na bayansa, kowa ya tayar da shi ya samu sakamako iri ɗaya. Sai dai kada a miƙa wa injiniya aikin baki ɗaya a juya baya, domin shi zai iya ganin jadawalin kalmomi ya fito tsaf ya ce an gama, ɗalibin Hausa ne kaɗai zai duba ya tambaya ina ƙasa da ɗaki da ɓera suka shiga.